Rawar kan babur ciwo ce, ba hali ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu babur, ko moto kamar yadda muka fi faɗa a ƙasarmu. In ka ce wa mutum: "Malam, na ga kan baburinka yana rawa in ka ɗauki gudu," sai ya yi murmushi ya ce maka: "Ai haka halinsa yake." Wannan amsa ita ce nake so mu bincika yau, domin a ganina kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke kai mutum gidan likita, wani lokaci ma ya zarce da shi maƙabarta. Ƙarfe ba ya da hali. In kan babur yana karkarwa, akwai abin da ya lalace, ko abin da ya kwance, ko kayan da aka ɗora ba bisa ƙa'ida ba. Ana iya gano shi, kuma sau da yawa gyaransa bai kai kuɗin man sati guda ba.

Ni kaina na taɓa faɗin wannan magana ta hali, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya. Wata shekara da kaka na je gida ganin iyaye, a wani ƙauye da ke arewa da babbar hanyar Maradi zuwa Tasawa. Na ari baburin ƙanena don in koma gari, aka ɗaure mini buhun gero a baya. Hanyar ƙauyen rairayi ce, saboda haka muka rage iskar tayoyi kamar yadda kowa ke yi. Da na hau kwalta ban tuna da iskar ba. Ina cikin tafiya wajen kilomita 60 a awa, na sassauta wuta, na ɗaga hannu guda don in gyara rawanina. Nan take kan babur ya shiga kaɗawa hagu da dama, da saurin da ban taɓa zaton ƙarfe zai iya ba. Allah ya kiyaye, na tsaya a gefen hanya jikina yana ɓari. A garin da ke gaba na kai shi wurin wani mai gyara. Bai dubi taya ba, bai dubi buhu ba. Ya ɗauko sifana ya ɗaure notin wuyan babur tamau, ya ce mini an gama. Zan komo kan wannan ɗauri, don shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko ya kamata mu san abin da muke magana a kai, gama rawar babur iri biyu ce. Faransawa sun ba kowace sunanta: ta gaba suna ce mata guidonnage, ta baya kuwa louvoiement. Mu da aikinmu shi ne juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, na daɗe ina neman abin da zan kira su da Hausa, har na tsaya a kan rawar kai da rawar ƙugu. Na san "rawar kai" tana da wata ma'ana in ana zancen samari, amma ban ga laifin haka ba, tun da sau da yawa mai wannan shi ke gamuwa da waccan.

Rawar kai ita ce wadda ƙafar gaba da ƙahon babur ke kaɗawa da sauri ƙwarai, kamar sau 6 zuwa 10 a cikin daƙiƙa guda. Ta fi zuwa a matsakaicin gudu, tsakanin kilomita 55 da 80 a awa, musamman in mutum ya sassauta wuta ko ya saki hannu, ko kuma ƙafar gaba ta daki rami ta tashi ta sauko a karkace. Rawar ƙugu kuwa ta fi nauyi da jinkiri, kamar sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, babur duka yana lanƙwasa kamar maciji, kuma ta fi zuwa a babban gudu. Wani injiniya ɗan ƙasar Ingila, Robin Sharp, ya fitar da lissafin waɗannan abubuwa tun shekarar 1971, ya nuna cewa kowane babur yana ɗauke da irin wannan rawa a ɓoye a cikin ƙirarsa. Abin da ke hana ta fitowa shi ne lafiyar taya, da daidaiton wuya, da nauyin da ke danne ƙafar gaba a ƙasa. In ɗaya daga cikinsu ya raunana, sai ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga yadda abin yake. Ku dubi babur daga gefe: sandunan gaba ba a tsaye cak suke ba, sun kishingiɗa. In ka ja layi daga wuyan babur ka bi wannan kishingiɗa har ƙasa, layin zai sauka a gaban wurin da taya ta taɓa ƙasa, da tazarar santimita 8 zuwa 11 a yawancin babura. Wato ƙafar gaba ja ake yi mata daga gaba, kamar akuya a igiya, shi ya sa in ta kauce take komowa tsakiya da kanta. Wannan ne ke ba yaro damar tuƙa keke hannu sake. Amma abin da ke komowa da ƙarfi yana iya wuce tsakiya, ya sake komowa ya sake wucewa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙananan ƙafafun gadon marar lafiya suna karkarwa in an tura shi da sauri a gidan likita, ya ga rawar kai a ƙaramin siffa.

To, in baburinka yana haka, ina za ka soma? Shawarata ita ce a soma da abin da ba ya cin kuɗi, a bar kwance-kwance sai daga baya. Abu na farko iska ce. A ƙananan babura masu inji 110 zuwa 150, irin su Kasea da Haojue da Boxer da suka cika garuruwanmu, ƙafar gaba tana son iska wajen bar 1,75, ta baya kuwa bar 2 zuwa 2,25 bisa ga nauyin da aka ɗauka. Ainihin adadin yana rubuce a littafin babur, ko a ƴar takardar da aka manna kusa da sarƙa. Ana awon ne da safe, taya tana da sanyi. Wanda ya yi tafiya a kan kwalta da ranar watan Afrilu, ya auna ya ga iska ta ƙaru, kada ya rage ta, zafi ne ya kumbura ta, in ta huce za ta koma.

A nan ne nake da ƙorafi a kan masu faci. Nawa ne daga cikinsu ke da ma'aunin iska mai aiki? Yawanci babban yatsa ne ma'auni, ko kuma a ƙwanƙwasa taya da ƙarfe a saurari ƙararta. Yatsa ba ya bambanta bar 1,2 da bar 1,75, alhali kuwa tsakanin waɗannan biyu akwai ran mutum. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwasa, ba ta riƙe layi. Wadda aka cika fiye da kima kuma tsalle take yi kamar ƙwallo. Ma'aunin nan ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Mai sayar da gero ba ya zama kasuwa ba tiya, ban ga dalilin da zai sa mai sayar da iska ya zauna ba ma'auni ba. Mu kuma mazauna ƙasar rairayi, in mun rage iska don hanyar ƙauye, wajibi ne mu mayar da ita da zarar mun hau kwalta.

Bayan iska sai jikin tayar. Shafa hannunka a kan ta gaba: in ka ji tudu da kwari suna bin juna kamar kunyoyin gona, ta cinye ba daidai ba, kuma irin wannan taya ita kaɗai ta isa ta kawo rawa. Ta baya in tsakiyarta ta shafe ta zama shimfiɗaɗɗiya, tana sa babur ya yi gardama wajen kwana. A gefen kowace taya akwai siririn layi da ke zagaye ta kusa da bakin ƙarfe. In layin nan ya nutse a wani wuri ya fito a wani, ba a zaunar da tayar daidai ba. A duba kibiyar da ke nuna inda za ta juya, don ana sa ta a baibai fiye da yadda kuke zato. A duba kuma shekarunta: akwai lambobi huɗu a gefe, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 yana nufin sati na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ballantana a ranarmu. Sai kuma wata al'ada da muke da ita, ta cusa guntun tsohuwar taya a ciki don toshe yagewa. Wannan yana iya kai mutum gida ran da ya rasa yadda zai yi, amma nauyi ne a gefe guda na ƙafa, kuma duk juyin da ta yi sai ya fizge ta.

Daga nan a kafe babur a kan matokarinsa na tsakiya, wani ya danne bayansa har ƙafar gaba ta tashi daga ƙasa. Juya ƙafar, ka riƙe ɗan alli ko tsinke kusa da bakin ƙarfen da taya ke zaune a kai. In yana matsowa yana nisa fiye da milimita 2, ya lanƙwashe, kuma ramukan hanya ne suka fi jawo haka. In ƙafar mai wayoyi ce, bi su ɗaya ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa: lafiyayya tana ƙara siririya, wadda ta saki kuwa ƙararta a dushe take. Sa'an nan ka kama ƙafar da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana motsi a kan sandarta, boris ɗinta ya ci.

Yanzu mun iso wuya, inda mai gyaran nan ya sa mini sifana. A cikin wuyan babur akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a sama da ƙasa, suna gudana a kan faifai masu santsi cikin giris. Da ƙafar gaba a sama, juya ƙaho a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul, ya faɗa gefe da nauyin kansa in ka ɗan tura shi. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa ɗan rami, faifan sun lotsa, kuma ba su da magani sai canji. Sa'an nan ka kama sandunan gaba daga ƙasa ka ja su gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, wuya ya saki. Wanda ya saki ana ɗaure shi, amma da awo: a ɗaure har motsin ya ɓace, a tsaya nan, ƙaho yana juyawa ba tare da nauyi ba.

Abin da masu gyara da yawa ke yi dabam ne. Suna ɗaure notin har wuya ya yi tauri, don sun lura cewa taurin yana danne rawar. Gaskiya ne yana danne ta, na ɗan lokaci. Mai babur ya hau ya ji shiru, ya biya, ya yi godiya. Amma tayar da ta jawo rawar tana nan, lanƙwasasshen ƙarfen yana nan, buhun yana nan. Bugu da ƙari an haifar da sabon ciwo: ƙwallayen da aka matse suna huda faifansu a duk ramin da aka faɗa, kuma babur mai taurin wuya ba ya iya gyara tafiyarsa da kansa, sai ya riƙa yawo a hanya ko a ƙaramin gudu. Wannan ba gyara ba ne, rufe bakin marar lafiya ne don kada a ji nishinsa. Ban ce mugunta ce ke sa su ba. Haka suka gani wurin maigidansu, shi ma haka ya gani. Mu ma masu babur muna da namu laifi, don mun fi son wanda zai sallame mu cikin minti biyar da wanda zai ce mu zauna ya bincika. Irin wannan magana ce ta shafi ɗan ƙarfen nan mai mai a ciki da ake ɗaurawa manyan baburan tsere don ya riƙe ƙaho: yana da amfani a kan lafiyayyen babur, amma ba ya warkar da lalatacce.

Sandunan gaba ba su buƙatar dogon bayani. In mai yana tsiyaya a jikin ɗaya, to ɗaya tana aiki ɗaya tana barci. In babur ya taɓa faɗuwa, tsaya a gabansa ka duba ko ƙaho yana kallon inda ƙafa ke kallo. Sau da yawa murɗewa ce kawai, a sassauta notoci a daidaita a ɗaure. Amma sandar da ta lanƙwashe sosai, wadda ake gasawa a wuta a buga da guduma, ni ba zan ɗora ɗana a kanta ba.

Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba shi ne cewa ciwon gaba yana iya fitowa daga baya. Kama ƙafar baya ka girgiza ta gefe da gefe: in hannun ƙarfen da ke riƙe da ita yana motsi, robobinsa sun mutu. Danna bayan babur ka saki: in ya yi ta lilo, abin shan gargadar ya gaji. Wanda ya ja sarƙa kuma bai daidaita alamomin gefe biyu ba, ya bar ƙafar baya tana kallon wani wuri dabam da ta gaba. Zare mai tsawo da aka miƙe a gefen tayoyin biyu ya isa ya tona wannan.

Sai babbar magana, wato kaya. Ƙananan baburan nan, abin da masu ƙera su suka yarda a ɗora musu, da matuƙi da fasinja da kaya gaba ɗaya, yana kewayen kilo 150. Ku lissafa da kanku. Jarka mai lita 25 ta ruwa kilo 25 ce, huɗu kilo 100 ke nan, ban da mai tuƙi. Buhun gero babba shi ma haka. Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba ne, inda aka ajiye shi ne. Duk abin da aka ɗaure a bayan sandar ƙafar baya yana ɗaga gaba, kamar yadda amalanke ke ɗaga jaki in an tara kaya a gindinta. Ƙafar gaba da ba ta da nauyi ba ta kama ƙasa, abu kaɗan ya isa ya tayar mata da rawa. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, don ruwan yana kai da komowa. Na san ɗan kabu-kabu da mai ɗauko kaya daga kasuwar ƙauye ba don nishaɗi suke lodi ba, abincin iyalinsu ke nan, kuma ba zan zauna a ofis in ce su daina ba. Abin da zan ce shi ne a matso da kaya gaba kusa da bayan matuƙi, a raba shi daidai gefe biyu, a sauko da shi ƙasa, a ɗaure shi kada ya motsa, a ƙara iskar baya, a rage gudu. Kada kuma a rataya komi mai nauyi a ƙaho.

In rawar ta riga ta kama ka a hanya fa? Jiki zai ce ka ƙanƙame ƙaho ka damƙe birkin gaba, kuma duka biyun suna ƙara ta. Hannun mutum ba ya iya bin abin da ke kaɗawa sau 8 a daƙiƙa. Matse tanki da gwiwoyinka, sassauta riƙon hannu ba tare da ka saki ba, sunkuya gaba don ka ba ƙafar gaba nauyi, ka rage wuta sannu sannu. In dole ne birki, na baya ne, a hankali. A gudun kilomita 60 babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, saboda haka ba lokacin tunani, sai abin da mutum ya riga ya sa a ransa. A lura kuma, yawon da ƙafar gaba ke yi a cikin rairayi mai zurfi wani abu ne dabam, ba alamar lalacewa ba ce: can ana komawa baya ne a kan sirdi, a riƙe wuta daidai, a bar ƙaho ya nemi hanyarsa. Hular kwano kuwa ba ta hana rawa, amma ita ke tsakanin kai da kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1,19 ke mutuwa a hanyoyi kowace shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni in an gwada da yawan jama'arta.

Ina da roƙo ga shugabannin ma'aikatu da ke raba babura ga malaman gona, da malaman dabbobi, da masu allurar rigakafi, da masu zagayen makarantu. Waɗannan bayin Allah su ne ke bin jar hanya mai gargada da rairayi da kwalta a rana guda, da akwatin magani ko na littattafai a baya. In an ba mutum babur, a haɗa masa da ma'aunin iska da famfon hannu. Littafin da ke zuwa da babur kuma da Faransanci ko Ingilishi yake, wani lokaci da Sinanci, ana jefa shi a akwati ba mai buɗewa. Abin da ke da muhimmanci a cikinsa bai wuce shafi guda ba: iska nawa, nauyi nawa, me za a duba kowane sati. A juya wannan shafi da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a manna shi a rumfunan masu gyara da tashoshin kabu-kabu. Masu iya karanta shi suna nan da yawa, ku ne shaida.

Baburin ƙanena kuwa, bayan wata uku da wancan ɗauri ya soma maƙalewa a tsakiya, har ya kayar da shi a wata kwana, ya kuje gwiwa da kafaɗa. Muka kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Maradi. Ya auna iska, ya shafa tayar gaba ya ce a canza ta, sa'an nan ya kwance wuyan. Ya goge faifan ƙasa da tsumma ya miƙo mini. A jikinsa akwai ƙananan ramuka a jere, kowace ƙwallo ta haƙa nata, giris ɗin kuma ya zama busasshiyar laka saboda ƙurar hunturu. Ya sa sababbi, ya ɗaure notin da yatsu kafin ya taɓa sifana, ya ɗan tura ƙaho ya bar shi ya faɗa gefe da kansa. Aikin ya ci mana yini guda.